Ni da Dauron Baba Tanko

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar gayyar Baba Tanko. Yanzu sai in yi ta neman carbina alhali yana rataye a wuyana, amma waccan rana tana nan daram a kaina, har da ƙamshin ƙasar da na kifa. Jikokina sun ɗauka tun asali haka nake, dattijo mai natsuwa, wanda ba ya amsa magana sai ya juya ta. To bari yau in tona wa kaina asiri.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai ne, Turawa ba su tafi ba, Bagauda ma ba ta zama tafki ba tukuna. Ina saurayi a wani ƙauye kusa da Bebeji, ƙarfi ya yi mini yawa, hankali kuwa yana tafe a baya bai iso ba. Abu ɗaya na iya a duniya, shi ne riƙon garma. In aka yi gayya, daga Bebeji har Dangora, aka jera a wannan bakin gona, to ni ne zan fara fita a wancan bakin. Makaɗa suka gane lagona. Da sun buga gangar noma sun ambace ni, sai kunnena ya toshe, idona ya rufe, ba na ganin kowa sai kaina. Mahaifiyata takan ce, "Kai dai in ana yabonka, ko rijiya ce a gabanka sai ka faɗa." Ni kuwa har wannan ɗin ma a yabo na ɗauke shi.

A bikin wata 'yar'uwarmu a Tudun Wada na fara ganin Asabe. Ta zo da kakarta, wadda kowa ke kira Iya, daga wani ƙauye can gaba da Doguwa, wajen duwatsu. Ba zan tsaya kwatanta ta ba (tana nan da ranta, in na faɗi abin da bai yi mata ba ni zan ji a jikina), amma dai sau biyu na ratsa dajin nan da ƙafa, kwana uku zuwa kwana uku dawowa, don kawai in zauna a ƙofar gidansu in ji ta ce mini sannu da zuwa. Ina sonta, so na gaske, irin wanda ke hana mutum cin tuwo. Ita ma ba ta ƙi ni ba. Iya kuwa tun ranar farko ta naɗa ni maigidanta, ta ce in ba ta samu goro ba ba za ta sake ni in auri kowa ba.

Matsalar ita ce mahaifin Asabe, Baba Tanko. Mutum ne siriri, mara yawan magana, in ya yi ma sai ka kasa kunne. Ba ya son 'yarsa ta yi nisa, ga kuma wani ɗan garin mai suna Ɗanjuma da shi ma yake nema, gidansu jifa ɗaya da nasu. Da kawuna ya taɓa masa maganar, sai ya ce, "Nisa ba ya hana aure, amma ban san yaron ba. In damina ta yi tsaka zan yi gayya, ya zo in ga kamun garmarsa."

Da kawu ya kawo mini saƙon, ya ƙara da cewa, "Ka lura fa, mutumin nan ba ƙarfinka yake son gani ba." Ni ban ji wannan ba. Garma kawai na ji. Na kwana biyu ina wasa ta, na saɓa ta a kafaɗa na kama hanya, ina tausaya wa Ɗanjuma tun daga Bebeji.

Na isa ana gobe gayya. Abin da na fara yi (Allah ya yafe mini) shi ne neman makaɗin garin. Na ba shi goro, na zaunar da shi na karanta masa kirarina kaf, har da wanda na ƙirƙira a hanya. Ya dube ni ya ce, "Samari, mu nan sai mun ga aiki muke kiɗa." Na ce masa ya dai ɗaure gangarsa da kyau.

Da safe, kafin a fita, aka ce Baba Tanko yana kirana a ƙofar gida. Kun san yadda ake yi a gaban wanda kake son ya zama surukinka. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na sunkuyar da kai har haɓata tana taɓa ƙirji. Duk wanda ya gan ni zai ce yaron nan ladabi ya yi masa katutu. Bayan gaisuwa sai ya fara yi mini bayani, a hankali, da muryar nan tasa ta ƙasa-ƙasa. Ya ce tunda ni baƙo ne, ba lallai in san yadda suke noma a nan ba. Daidai nan sai ga wani jan ɗankwali yana wucewa ta bayan zana. Akwai wata 'yar kafa a jikin zanar, daidai saitin idona na hagu. Asabe ce ɗauke da ƙwarya, ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa.

Daga nan ban san abin da Baba Tanko ya ce ba. Na dai ji muryarsa tana tafiya kamar ruwa a kan jinka. Duk inda ya tsaya sai in ce, "To, Baba." Na ji ya ambaci ɗorawa. Na ga inuwar hannunsa a ƙasa yana nuna wani wuri, amma ɗaga kai a gaban suruki rashin kunya ne, ni kuma idona yana da aikin da yake yi. Da ya gama ya ce, "Ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Ya ce, "Ka dai ji?"

Na ce, "Wallahi na ji, Baba."

Muka fita gona, mu kusan talatin. Fili ne babba da aka bari bai sha shuka ba, ciyawa ta rufe shi, za a yi masa huɗa a tayar da kunyoyi. Ya kamata in tambayi kaina me za a shuka a tsakiyar damina haka, lokacin da geronmu na gida ya kai gwiwa. Ban tambaya ba. Na ga dai an sa ni kusa da Ɗanjuma, na ga mata sun jeru a inuwa da ƙoren fura, na ga jan ɗankwali a cikinsu. Makaɗi ya buga. Na tofa yawu a tafin hannu.

Gaskiya ɗaya ce, ranar na yi noma. Zuwan farko na bar Ɗanjuma a rabin gona. Zuwa na biyu makaɗin ya baro kowa ya biyo bayana, yana zuba mini kirarin da na ba shi, yana ƙarawa da nasa: "Na Bebeji, ƙasa ta gan ka ta kwanta. Baƙon da ya fi 'yan gida sanin hanya." Mata suka rangaɗa guɗa. Kaina ya kumbura har na ji hulata ta matse ni.

Muna ta ci har muka iso gefen gonar na ƙarshe, inda wata babbar ɗorawa take. A nan na lura da wani abu. Duk wanda layinsa ya doshi ɗorawar, sai ya tsaya tun da sauran taku goma, ya juya. A gabansu kuwa ga wani fili kamar faɗin ɗaki uku, kore shar, ciyawa ta yi cunkus babu wurin sa ƙafa, ta fi taƙi ɗaya tsawo. Sai na tuna ai Baba Tanko ya ambaci ɗorawa. Nan take na haɗa wa kaina labari: wato abin da dattijon ya faɗa mini ke nan, wurin nan ne ya gagari samarin garinsu, ciyawar ta fi ƙarfinsu, shi ya sa ya keɓe ni ya gaya mini. Har na ji tausayinsa, mutum da gonarsa amma babu namijin da zai share masa hawaye.

Bari in tsaya in gaya muku abin da ban sani ba a lokacin. Mu a wajenmu gero muka sani. Ka sari rami, ka jefa 'yan ƙwayoyi, ka taka, ka yi gaba taku ɗaya. Duk inda ka ga kore ya yi cunkus, ciyawa ce. Su kuwa mutanen can suna noman wani ɗan'uwan gero da ake kira dauro, shi ba a shuka shi a rami. Yafa irin ake yi a ɗan fili guda, ya tsiro a cunkushe, in ya tasa sai a cire a bi kunyoyi ana dasawa ɗai-ɗai. Wato duk huɗar da mutum talatin suka yi tun safe, don abin da ke gindin ɗorawar nan aka yi ta. Irin kuma na gado ne, tun na mahaifin Baba Tanko, ya juye shi duka a wurin bai rage ko tafi ɗaya ba, lokacin sake yafa wani kuma ya wuce. Shi ne furar gidan da kununsu na shekara.

Na yi kukan kura na faɗa ciki.

Ƙasar wurin laushi gare ta kamar gari (ina za ta ƙi laushi, an sha zuba mata taki), garma tana shiga har wuya. Ina sara ina kifawa, kore yana komawa ƙasa, baƙar ƙasa tana hawa sama. Ta gefen ido na ga mutane sun yar da garemani suna ɗaga hannuwa. Na ce madalla, sun sallama. Na ji muryoyin mata sun tashi sama, na ce guɗa ce. Na hango Ɗanjuma ya ɗora hannu biyu a ka, na ce yaro ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Na hango jan ɗankwali ya miƙe tsaye ya nufo ni da gudu, sai na ƙara wuta, don a al'ada budurwa kan zo ta share wa gwanin gayya gumi, ni kuma ina so ta same ni a kan aiki.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne ganga. An ce tun saran farko da na yi a gindin ɗorawar makaɗin ya daina kiɗa. Ni kuwa na rantse ina jin ta. A cikin kaina take bugawa, ina bin ta da rawa, har da juyi. Da na ji kamar ya daina yi mini kirari, sai na karɓa da bakina. Ku kwatanta: gona ta yi tsit, mutum talatin a tsaye, ga baƙo shi kaɗai yana binne abincin masu gida yana faɗin, "Sai ni na Bebeji."

Asabe ta iso ta tsaya, kunya ta hana ta taɓa ni, tana ta kiran sunana ban ji ba. Iya ce ta tsayar da ni. Ta tako da sandarta, ta ɗauki ƙwaryar ruwan da ake wanke ludayi ta sheƙa mini a ka. Na ɗago ina murmushi, ina jiran yabo.

Ta ce, "Maigida, ya isa haka. Ka rage mana na kunu."

Na dubi fuskokin mutane, babu mai dariya. Sai a lokacin na dubi ƙasa, karo na farko tun da gari ya waye. Na sunkuya na ɗauki tsiro ɗaya da ya maƙale a bakin garmata. Ganyensa da faɗi, gindinsa da kauri. Ko makaho ya shafa ya san jinin gero ne. Ni da aka haifa a cikin gero, na binne fiye da kashi biyu cikin uku na wurin ban dubi ganye ɗaya ba. Na so ƙasar da na kifa ta buɗe in shiga in kwanta tare da su.

Baba Tanko ya tako a hankali. Bai dube ni ba. Ya tsuguna ya sa hannu ya tona, ya zaro wani tsiro da ya karye biyu, ya daɗe yana kallonsa. Da zagina ya yi, ko ya sa samari su yi mini duka, da na fi jin daɗi. Can sai ya ce, "Yaro, da safe me na ce maka?"

Na durƙusa, na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ko kalma ɗaya."

Na ce, "Ɗorawa, Baba."

Wani daga baya ya kasa riƙe dariya, sai ta ɓarke ko'ina, har matan. Baba Tanko bai yi ba. Ya ce, "Sau biyu na tambaye ka, har ka haɗa da rantsuwa." Ya miƙe ya karkaɗe hannunsa, ya sallami mutane su je su sha fura. Na saci kallon Asabe, na ga ta rufe fuska da ɗankwalin tana kuka. A raina na ce shi ke nan, na rasa ta, kuma ni na yi wa kaina. Na ɗauki garmata zan sulale in kama hanyar gida ko sallama babu.

Sai na ji ya ce, "Ina za ka? Ajiye garmar nan. Wanda ya binne shi zai tono."

Kwana uku muka yi a gindin ɗorawar nan, ni da shi, daga hantsi zuwa la'asar. Babu garma, babu ganga, babu mai kallo. Da yatsu ake yi. Ka tona a hankali, ka lalubo tsiro, ka duba ko saiwarsa tana nan, ka duba ko zuciyarsa ba ta karye ba, ka raba shi da ciyawar gaske da ta cakuɗu da shi, ka karkaɗe, ka ajiye a inuwa. In sun taru mu kai kan kunyoyi mu dasa. Ranar farko na ɓata fiye da abin da na ceto, don hannuna bai san a hankali ba. Ina fizga, suna tsinkewa. Baba Tanko ya ce, "Hannunka ya riga idonka, idonka kuma ya riga hankalinka. Jira su su taru wuri ɗaya, sannan ka taɓa."

Ban taɓa shan wahala irin ta zaman nan ba. Ba bayana ne ya dame ni ba, kaina ne. Ashe ban taɓa zama shiru da kaina ba. Da na kama tsiro, sai in ga hankalina ya tafi Bebeji yana shirya ƙaryar da zan yi wa kawu, ko ya tafi gidan su Ɗanjuma yana kallon ana ɗaura aure. Sai in ji ƙas a hannuna, na karya wani. In dawo da shi, ya sake guduwa, kamar ɗan akuyar da bai saba da turke ba. A nan na gane cewa ba ranar gayya na fara wannan hali ba. Na tuna sau nawa mahaifiyata ta aike ni na ce to, na dawo da abin da ba shi ta ce ba. Na tuna sallolin da na idar ban san me na karanta ba. Abin ya ba ni tsoro, ya kuma ba ni kunya fiye da dariyar da aka yi mini.

Iya ce ke kawo mana fura da rana. Kullum sai ta tsaya daga nesa ta ce, "A ɓoye ganyen miya, ga maigidana nan." Asabe kuwa ko inuwarta ban gani ba.

A rana ta uku hannuna ya fara jin magana. Muka ceto kusan rabin abin da na binne, muka haɗa da wanda Iya ta ƙwata da ƙwaryar ruwa, ya rufe gonar saura kaɗan. Allah ya taimaka aka yi yayyafi. Wajen la'asar ina durƙushe, na samu wani tsiro da saiwarsa ta sarƙe da ta ciyawa, ina warware su a hankali, ban san inda nake ba. Sai na ji kamar Baba Tanko ya yi magana a bayana, ƙasa-ƙasa yadda ya saba. Ban kama ko kalma ɗaya ba. Bakina ya buɗe da kansa, "to" ta riga ta hau kan harshena. Na haɗiye ta da ƙyar. Na ajiye tsiron, na juya, na ce, "Baba, ka gafarce ni, ban ji ba. Hankalina yana kan wannan."

Ya dube ni, ya yi murmushi. Rannan na fara ganin haƙoransa.

Ya ce, "Da ka ce mini to, da ban maimaita ba. Cewa na yi, in an yi kaka ka gaya wa kawunka ya zo da manyanku."

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan taɓon hannuna. Na ce, "Baba, a ƙara maimaita mini."

Ya ce, "Wannan kam ka ji. Tashi ka dasa abin nan kada ya bushe."

Ba zan ce na warke sarai ba, mai ɗakina Asabe tana kusa, za ta ƙaryata ni. Amma tun daga ranar, in na ga jama'a suna ɗaga mini hannu, nakan tsaya in dubi abin da nake takawa kafin in yanke cewa yabo ne. Na kuma bincika iya rayuwata, ban taɓa ganin wanda "ban ji ba" ta sa shi tonon ƙasa da yatsu kwana uku ba. "Na ji" ce ke yin wannan.